Soron da Aka Fara Daga Rufi

An ruwaito a cikin wani tsohon kundi, wanda gara ta ci gefensa amma ta yi mana adalci ta bar tsakiyarsa, cewa a zamanin da an yi wani birni ana ce masa Tsamiya Bakwai. Sarkin birnin sunansa Nomau, mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu. In an kawo masa ƙara, kafin ya tambayi wa ke da gaskiya sai ya tambayi yadda aka yi abin ya faru, ya yi ta tonawa har ƙafafun fadawa su yi sanyi don zama.

An ce a ƙofar fadarsa akwai wani tudun jar ƙasa da awaki ke hawa suna shan hantsi. Wannan tudu, a da, soro aka nufa da shi. Mahaifin Nomau ne ya sa a gina shi don ya zama majalisa, ya tara mutum dubu, ya buɗe musu rumbunan gero. Bango ya tashi gwanin sha'awa, amma damina ta sauka babu rufi a kansa, ruwa ya narkar da shi cikin kwana uku. Aka duba aka ga rumbu ashirin sun tashi a banza. Sarki ya fusata, ya ce Sarkin Magina Bawa ne ya cinye masa gero, ya tuɓe masa rawani, ya kore shi daga ƙasar. Shekara goma sha biyu ke nan, tsohon sarkin ya rasu, Bawa kuwa yana can ƙetaren kogi.

A bayan fada kuma akwai wani tsohon soro da kakan Nomau ya gina da mutum arba'in kacal, yana nan tsaye ko tsaga babu. Kullum Nomau ya fito sai ya dubi tudu, ya waiwaya ya dubi soro, abin ya tsaya masa a rai.

Wata rana, damina tana shirin ɗaukewa, ya tara jama'a ya ce, "Ina da tambaya. Ubana ya sa mutum dubu da rumbu ashirin, ruwa ya ci aikinsa. Kakana ya sa mutum arba'in, aikinsa ya tsaya. Me arba'in suka sani wanda dubu ba su sani ba?"

Waziri Cindo, wanda bai taɓa barin tambaya ta huce ba tare da ya sa mata baki ba, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai sata ce. Wanda aka ba amanar geron shi ya karkatar da shi."

Sarki ya ce, "Na ji haka tun ina yaro. Amma an gaya mini Bawa ya fita garin nan da jaki ɗaya da tabarma. Ina ya zuba rumbu ashirin?"

Waziri ya shiga gyaran bakin rawaninsa.

To, a cikin taron akwai Jatau ɗan Bawa, magini ne shi ma, amma tun da aka kori ubansa ba mai ba shi aikin da ya wuce rumbu da katangar bayan gida. A kasuwa ɗan mai cin gero ake ce masa, yana ji yana haɗiyewa. Da ya ji Sarki da kansa yana shakkar laifin ubansa bai san lokacin da ya matso gaba ya durƙusa ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban san amsa ba. Amma babu wanda ya kai ni son saninta. A ba ni kwana goma."

Sarki ya dube shi ya ce, "Na ba ka. In ka kawo amsar da ta gamsar da ni, kai za ka gina soron. In ka rufe shi kafin ruwan farko, ka roƙi abin da kake so. In ruwa ya same shi a buɗe, ka bi hanyar da ubanka ya bi."

Jatau ya ce ya yarda.

An ce washegari ya ɗauki sandarsa ya yi tafiyar kwana uku, ya ƙetare kogi ya isa ƙauyen da ubansa yake. Ya tarar da tsohon a ƙofar bukka, idonsa ya yi rauni, sai da ya shafa fuskarsa sannan ya gane shi. Bayan sun gaisa Jatau ya ce, "Baba, ba ni labarin soron nan daga farko, kada ka tsallake komai."

Bawa ya ce, "Na ba kaina labarin nan sau dubu, ban ga inda na kauce ba. Mun kwaɓa ƙasa da kyau, mun yi tubali, ya bushe. Rana ta tamanin bango ya kai kan ƙofa. Sai na aika a saro azara, kamar yadda ubana ya koya mini, kamar yadda na koya maka. Ba a saran itacen rufi sai bango ya kai kan ƙofa, magini ya ga abin da zai rufe da idonsa."

Jatau ya gyaɗa kai, don shi ma haka ya sani, kuma bai taɓa jin magini ya yi wani abu dabam ba. Ya ce, "Daga nan fa?"

"Daga nan muka jira."

"Mutum dubun fa?"

"Suna zaune a inuwar bango, safe da yamma ana ɗora musu tukunya. Na roƙi Sarki a sallami wasu, ya ce in sun tafi ba za su dawo ba. Da ya ga lokaci na tafiya ma ƙaro mini wasu ya yi. Azara ta iso, mun ɗaure baka biyu daga cikin masu tallafar rufi, shamuwa ta sauka a kan tsamiya. Sauran ka sani." Sannan tsohon ya ƙara da cewa, "Ba mutuwa a nan ke damuna ba, Jatau. Abin da ke damuna a binne ni da sunan ɓarawo."

Jatau ya juyo gida da baƙin ciki, don ya ji labarin duka bai ga amsa a ciki ba. A rana ta biyu, da rana ta take, ya ratse wani zango ya sha ruwa. A nan ya tarar da ayarin fatake suna hutawa, shugabansu wani tsoho ne mai suna Madugu Mijinyawa, mai son hira kamar yadda wasu ke son goro. Ya ga baƙo yana zane ƙasa da tsinke yana tsaki, ya tambaye shi, Jatau ya kwashe komai ya gaya masa.

Madugu ya yi dariya har haƙoransa uku da suka rage suka bayyana. Ya ce, "Tsohon soron bayan fada? Ai jakunan gidanmu ne suka ɗauko rufinsa. Zauna in ba ka labari yadda kakana ya ba ni.

"An ce kakan Sarkinku ya kira kakana ya ce masa yana son azara dubu uku daga Kurmin Giginya. Kakana ya duba fili bai ga bango ba, bai ga ko ramin tushe ba, sai ciyawa. Ya ce, 'Ranka ya daɗe, ina ɗakin?' Sarki ya ce, 'Ɗakin yana zuwa. Kwana nawa ne zuwa kurmin?' Ya ce goma sha biyu. 'Sara da tsagawa fa?' Ya ce ashirin. 'Bushewa fa?' Ya ce arba'in, in ba haka ba ta lanƙwashe a kan bango. 'Dawowa da kaya fa?' Ya ce goma sha takwas. Sarki ya lissafa da yatsunsa ya ce, 'To tashi yau.' Kakana ya tashi, mutanen gari suna ta dariya, suna cewa Sarki zai yi wa iska rufi. Da ya dawo bayan wata uku ya tarar bango ya kai kan ƙofa a makon nan. Aka sauke azara daga bayan jaki aka miƙa wa magini a sama, ko ƙasa wata ba ta taɓa ba. Masu dariya suka shiga neman wurin zama a inuwar soron."

Jatau ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya ce, "Kwana casa'in ke nan."

Madugu ya ce, "Ƙwarai. Ɗakin da kuke ginawa kullum azara talatin yake ci, ka shiga kasuwa da safe ka saya ka rufe da yamma. Wace kasuwa ce ke ajiye dubu uku? Mu fatake ba ma ƙirga tafiya daga ranar tashi. Daga ranar da kogi zai cika muke farawa, mu yi ta ja da baya har mu iso ranar da ya kamata mu ɗaura kaya. Kuma kowane baki da ke cikin ayari yana cin guzuri, ko ana tafiya ko ana zaune. Shi ya sa ba na ɗaukar mutum sai na san kayan da zai kora."

Jatau ya yi masa godiya, ya sayi doguwar igiyar rama a wurin fataken, ya kama hanya yana ƙulla ta yana tafiya. Murna da nauyin zuciya suka haɗu masa, don ya sami amsa, amma amsar ta taɓa ubansa ta kuma taɓa uban Sarki.

An ce ran kwana na goma ya zo fada da igiyar a kafaɗa da ƙore a hannu. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini aman in faɗi abin da na gano."

Sarki ya ce, "An yi maka."

Jatau ya ce, "Ba ɓarawo ya ci geron ba, jira ne ya ci shi. Ubana ya bi al'adar magina, bai aika a saro azara ba sai da bango ya tashi. Al'adar ta ƙaramin ɗaki ce, ya ɗora ta a kan babban soro, ya rasa kwana casa'in. Wannan kuskurensa ne, kuma da ni ne a wurin da shi zan yi. Marigayi kuma, Allah ya jiƙansa, ya riƙe mutum dubu suna ci alhali abin da ake jira yana kurmi yana bushewa, kuma yawan hannu ba ya sa itace saurin bushewa. Kakanka ya fara da abin da ya fi daɗewa, ya ɗauki mutane daidai aikin da ke gabansa."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gabanka yake ɗora wa marigayi laifi."

Sarki bai ko dubi Waziri ba, idonsa na kan igiyar. Ya ce, "Ya ɗora wa nasa uban kafin ya taɓa nawa. Wannan igiya fa ta mece ce?"

Jatau ya shimfiɗa ta a gaban Sarki. Ya ce ƙulli ɗari da tamanin ne, kowane ƙulli kwana ɗaya, na ƙarshe shi ne lokacin da aka saba ganin ruwan farko. Daga can ya jawo baya. Ya nuna inda ya ɗaura jan zare, ranar da za a gama shafe rufi, da inda za a fara ɗaurin baka, da inda azara za ta iso, har ya zo ƙulli na farko, ranar da jakuna za su tashi, wato gobe. Tsakanin jan zaren ƙarshe da bakin igiya akwai ƙulli ashirin babu komai a kansu.

Sarki ya ce, "Waɗannan na wane aiki ne?"

Ya ce, "Waɗannan na abin da ban sani ba ne, ranka ya daɗe. Ban san shi ba, amma na san yana zuwa."

Sannan ya jera ƙoren, kowace da tsakuwa a ciki, kowace tsakuwa buhun gero ɗaya, kowace ƙwarya abincin mako ɗaya. Ya ce rumbu shida yake so, da mutum ɗari da ashirin, su ma ba gaba ɗaya ba. Kowace Juma'a zai zo ya kwance ƙulli bakwai a gaban Sarki, ya kife ƙwarya ɗaya, Sarki ya fita ya ga ko bango ya kai inda igiya ta ce. Sarki ya ji daɗin abin kamar yaron da aka ba sabon wasa, ya sa aka rataye igiyar a zauren fada.

Washegari jakunan Madugu Mijinyawa, wanda Jatau ya gayyato tun a zango, suka tashi zuwa Kurmin Giginya, fili kuwa babu ko ramin tushe. Mutanen Tsamiya Bakwai suka yi dariya irin wadda kakanninsu suka yi, don ba a gadon hankali kamar yadda ake gadon dariya. Aka rushe tudu, aka kwaɓa ƙasa, aka yi tubali, bango ya soma tashi.

An ce a mako na takwas Sarki ya zagaya aikin, ya ga ya yi kyau, sai sha'awa ta kama shi. Ya ce a ɗora masa bene a sama inda zai riƙa hangen kasuwa. Fadawa suka ce ai wannan shawara ba a taɓa jin irinta ba. Jatau bai ce a'a ba, don ba a ce wa sarki a'a. Ya je ya sauko da igiya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bene zai ci ƙulli talatin da rumbu biyu. Ashirin gare ni a ajiye. Ga igiya, Sarki ya nuna mini inda zan samo goma."

Sarki ya bi igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake bi, yana tambayar kowane zare. Ko za a rage kwanakin shan iskar bango? Jatau ya ce sai ya tsage. Ko za a ƙaro mutane? Ya ce bango ba ya ɗaukar sabon layi sai na ƙasa ya bushe, ko mutum nawa ke tsaye. Daga ƙarshe Sarki ya yi murmushi ya ce, "Na fasa. Kasuwar ma na san abin da ke cikinta."

Abin da Jatau bai sani ba kuwa ya zo. Bango ya kai kan ƙofa a ranarsa, amma azara ba ta iso ba, manzo ya zo ya ce ciwo ya shiga jakuna, ayari zai makara kwana tara. Jatau ya ji tsoro ƙwarai, don ya ga kansa a tsaye daidai inda ubansa ya tsaya. Waziri, da kyakkyawar niyya wannan karon, ya ce a ƙara wa Jatau mutum ɗari biyar. Jatau ya yi godiya ya ce maimakon haka a ba shi izini ya sallami masu tubali sittin, aikinsu ya ƙare, a kuma aika da jakuna lafiyayyu su tari ayari. Ya ɗauki ƙulli tara daga cikin ashirin ɗinsa a gaban kowa, saura goma sha ɗaya.

Azara ta iso, aka ɗaure baka, aka shimfiɗa rufi, aka bi shi da ƙasa. Ana saura kwana shida a gama shafe, Jatau yana kan soro da safe, sai ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar fada. Ta riga lokacinta. Magina suka tsaya da aiki suna kallonta, wani tsoho a cikinsu wanda ya yi aiki da Bawa ya soma salati. Jatau ya ce musu shamuwa ba ruwa ba ce, a miƙo masa kwaɓi.

Ran kwana na shida da hantsi aka shafe kusurwar ƙarshe, aka kafa indararo. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, gabas ta yi baƙi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A igiya saura ƙulli tara ba a kwance ba. Sarki ya tsaya a tsakiyar soro yana kallon rufi, ya daɗe, sannan ya ce wa Waziri, "Da yanzu muna cikin benena muna iyo."

Da ruwa ya ɗauke ya kira Jatau ya ce ya roƙi abin da yake so. Jatau ya kawo ƙwarya biyu cike da tsakuwa ya ajiye, geron da ya rage ke nan, ya ce, "Ubana nake so, ranka ya daɗe. Da sunansa."

Aka aika da doki da rakiya. Ranar da Bawa ya iso ana yayyafi, majalisa ta cika. Jatau ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Sarki ya miƙe tsaye, abin da ba a saba gani ba, ya ce jama'a su shaida Bawa bai ci ƙwayar geron kowa ba, ya sa aka mayar masa da rawaninsa.

Tsohon ya saki hannun ɗansa, ya lallaba ya dafa bango, ya shafa shi tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Sannan ya tako tsakiyar soro ya buɗe tafin hannunsa sama, yana jin ruwa na bugun rufi, ya tsaya haka har mutane suka yi tsit. Babu ɗigo ko ɗaya da ya sauka.

Ya ce, "Jatau, yaushe ka aika a saro azara?"

"Kafin a haƙa tushe, Baba."

Bawa ya jinjina kai, ya ce, "Ba haka ubana ya koya mini ba."

Jatau ya ce, "Ni ma ba haka nawa ya koya mini ba."

Tsohon ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya kwance rawanin da aka naɗa masa yanzun nan, ya lalubo kan ɗansa ya ɗora masa.

Mai kundin ya ce daga wannan shekara, duk wanda zai yi babban aiki a Tsamiya Bakwai sai ya ƙulla igiyarsa tukuna, ya fara ƙirga daga ranar ƙarshe, ya tura a nemo abin da ya fi daɗewa, ya bar wa abin da bai sani ba rabonsa. Bawa ya yi damina uku yana zama a soron nan, ya rasu a garinsu, aka yi masa salla a ƙofar soron, aka kira shi da sunansa na Sarkin Magina. Nan rubutun ya tsaya, abin da ya biyo baya yana cikin gara.